Darasi na Goma Sha Ɗaya: Gamayyar Ƙungiyoyin Agaji da na Sa-kai

Da wuya a sami unguwa ko ƙauye a ƙasar Hausa da babu ƙungiya a cikinsa. Akwai ta samari masu yashe kwata kafin damina ta faɗi, akwai ta mata masu adashi da ɗinka wa marayu kayan sallah, ga kwamitin maƙabarta, ga tsofaffin ɗaliban makarantar gari, ga masu zagaya asibiti suna biya wa marasa galihu kuɗin magani. Yawancinsu ba su da ofis. Littafin rajista yana cikin jakar sakatare, kuɗi yana hannun ma'aji, taro kuwa a zauren mai unguwa ko a ajin firamare bayan an tashi yara. Da wannan ɗan ƙarfin suke ɗauke da nauyin da in suka sauke shi babu mai ɗauka.

Darasinmu na yau a kan wata irin ƙungiya ce da ke tsaye a bayan waɗannan, wadda mambobinta su kansu ƙungiyoyi ne. Ana ce mata gamayya, ko haɗaɗɗiyar ƙungiya, ko uwar ƙungiya. Duk ƙungiyar da ta shiga ƙarƙashin inuwarta tana nan da sunanta, da shugabanninta, da asusunta, da aikin da ta saba. Abin da ya raba gamayya da ƙungiya mai rassa ke nan, inda hedikwata ke naɗa shugaban reshe, in ta ga dama ta rushe reshen. A ƙa'ida gamayya ba ta haƙa rijiya, ba ta raba abinci. Nata shi ne ta ƙarfafa masu haƙa rijiyar da masu raba abincin, ta kuma yi magana da yawunsu a inda muryar ɗayansu ba ta kaiwa. Da waɗannan biyun ake auna ta. In ana son sanin ko gamayya tana da amfani, ƙaramar ƙungiyar da ke can ƙasa ake tambaya me ta samu.

A bakin kantar banki

A ɗauka ga ƙungiyar mata su talatin a wani gari, sun shekara shida suna tara naira ɗari biyu-biyu duk Juma'a suna taimakon matan da mazansu suka rasu suka bar su da yara. Wani ɗan garin da ke kasuwanci a Legas ya ji labarinsu, ya ce zai ba da kuɗin keken ɗinki goma, amma ba zai tura a asusun mutum ɗaya ba, sai na ƙungiya. Shugaba da ma'aji suka ɗauki mayafi suka nufi banki, riƙe da takardar shaidar da sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukuma ya ba su, an rufe ta da leda don kada ta yage.

Ma'aikacin ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Hajiya, wannan ai ta ƙaramar hukuma ce. Irin asusun da kuke so sai da rajistar CAC, da lambar biyan haraji, da takardar SCUML."

"Ɗan nan, mu fa ba kamfani ba ne. Marayu muke taimako."

"Na sani, Hajiya, Allah ya ba da lada. Amma ba ni na kafa ƙa'idar ba. In kun haɗo su ku dawo."

Suka fito ba su san abin da ko ɗaya cikin ukun yake nufi ba. CAC ita ce hukumar tarayya mai yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, bisa dokar da ake kira CAMA, wadda aka sabunta a 2020. Kafin ta yi wa ƙungiya rajista sai an zaɓi amintattu, an rubuta tsarin mulki, an tabbatar babu wata ƙungiya mai wannan suna, an buga sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Bayan takarda ta fito ma ba a huta ba, duk shekara sai an miƙa rahoto, in ba a miƙa ba tara ta yi ta taruwa a kan ƙungiya ba ta sani ba. SCUML kuwa sashe ne a ƙarƙashin hukumar EFCC mai sa ido kan masu halasta kuɗin haram. Ga lauya duk wannan aikin yau da gobe ne. Ga Hajiya da ma'ajinta kuwa katanga ce, kuma a gindin katangar nan 'yan kamasho suke zaune, wani ya karɓi ninkin kuɗin aikin, wani ya karɓa ya ɓace.

A ce a jihar akwai gamayya mai rai, da labarin ya sauya tun daga ƙofar gida. Tana da samfurin tsarin mulki da kowace ƙungiya za ta gyara ya dace da ita. Tana da lauya ɗaya da ke duba takardun ƙungiyoyi arba'in, maimakon kowacce ta nemi nata. Ta san ainihin kuɗin da hukuma ke karɓa, don haka ɗan kamasho ba shi da ta cewa. Wani lokaci takan karɓi gudummawar a asusunta a madadin ƙaramar ƙungiya, da rubutacciyar yarjejeniya, kafin rajistarsu ta fito. Akwai kuma shawarar da mai neman kuɗinsu ba zai taɓa ba su ba, ita ce ba kowace ƙungiya ke buƙatar rajistar Abuja ba. Mata talatin masu adashi da taimakon juna, in ba su da niyyar karɓar manyan kuɗi daga waje, rajistar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha ta ishe su, kada a ɗora musu kayan da zai karya su.

Sai kuma horo, kuma a nan zan ɗan tsaya, don shi ne aikin da ba ya fitowa a rediyo amma shi ke raya ƙungiya. Yadda za a raba littafi gida biyu, shiga da fita. Yadda ba za a fitar da ko sisi ba sai da rasit ko sa hannun wanda ya karɓa. Yadda cire kuɗi a banki zai zama sai mutum biyu sun sa hannu, kuma kada su kasance mata da miji ko wa da ƙane. Yadda sakatare zai rubuta abin da aka zartar a taro, a karanta shi a taro na gaba kowa ya ji. A ganina zargi ya fi sata kashe ƙungiyoyinmu. Ma'aji mai gaskiya da ba ya rubutu, ranar da aka ce ya kawo lissafi ya kasa, shi da ɓarawo ba a bambanta su, daga nan sai gutsiri-tsoma, sai a daina zuwa taro. Yini ɗaya na koyon riƙe littafi yana iya tsare mutuncin dattijo da ran ƙungiya gaba ɗaya.

Gamayya ce kuma ke sanin wa ke yin me, a ina. Duk wanda ya taɓa rabon kayan azumi ya san yadda ƙungiyoyi uku kan kai shinkafa gidan marayu ɗaya da ke bakin titi, alhali ƙauyen da motar ba ta shiga bai ga ko mudu ba.

Abin da aka yi a Ingila

Ɗaya daga cikin tsofaffin irin waɗannan gamayyoyi tana birnin Landan, kuma ya kamata mu duba ta don ta daɗe har an ga abin da ta haifa. Wani hafsan soja mai suna Edward Birchall, wanda kafin yaƙi ya yi ta ƙoƙarin haɗa kan ƙungiyoyin taimakon jama'a na garuruwa, ya rasu a 1916 sakamakon raunin da ya samu a fagen daga a Faransa. Ya bar wasiyyar fam 1,000 a ci gaba da aikin. Da wannan kuɗi aka kafa majalisar ƙasa ta hidimar jama'a a 1919, wadda a 1980 ta koma sunan da aka san ta da shi yanzu, NCVO. A yau mambobinta sun haura ƙungiyoyi 15,000, daga manya irin masu ma'aikata dubbai zuwa kwamitocin ƙauye. Kuɗin zama mamba gwargwadon samun ƙungiya ne, ƙananan ainun ba sa biyan komai. Yankunan Sikotilan, da Wales, da Ayilan ta Arewa kowannensu yana da tasa majalisar daban.

Abin da ya fi jan hankalina a tarihinta shi ne yadda takan reni aiki, in ya yi ƙwari ta sake shi. A 1924 ta buɗe wani sashe don sauƙaƙa wa masu ba da gudummawa, sashen ya girma har ya zama gidauniya mai cin gashin kanta a 1974, ita ce CAF. Ranar 4 ga Satumba 1939, washegarin shigar Birtaniya Yaƙin Duniya na Biyu, aka buɗe ofisoshi 200 na ba talakawa shawara kyauta a kan haya, da bashi, da takardun rabon abinci, da neman 'yan uwan da suka ɓata. Ita ta shirya wannan, kuma har yau ofisoshin suna nan da sunan Citizens Advice, suna tafiyar da kansu. Kwamitin kula da tsofaffi da aka kafa a ƙarƙashinta a 1940 shi ma ya fita ya tsaya da ƙafarsa, daga zuriyarsa aka sami Age UK ta yanzu. Da ta riƙe waɗannan duka a hannunta, da ta zama ƙatuwar ƙungiya mai gasa da 'ya'yanta.

Wajen wakilci kuwa, abu biyu sun isa misali. A 1998 gwamnatin Birtaniya da ƙungiyoyin sa-kai na Ingila suka rattaba hannu a wata yarjejeniya da ta fayyace yadda za su yi hulɗa. A ciki gwamnati ta amince cewa ƙungiya tana da 'yancin sukar manufofinta ko da tana karɓar kuɗi daga hannunta. Yarjejeniyar ba doka ba ce, kuma an sha kukan ana saɓa mata, amma ta ba ƙaramar ƙungiya takardar da za ta ɗaga in wani jami'i ya ce ta rufe baki ko ta rasa tallafi. Na biyu, da annobar korona ta sa aka kulle gari a 2020, shagunan ƙungiyoyin agaji suka rufe, tarukan neman gudummawa suka tsaya, a daidai lokacin da masu neman taimako suka ƙaru. NCVO da takwarorinta suka ƙiyasta cewa ƙungiyoyi za su yi asarar kimanin fam biliyan 4 cikin makonni 12. A watan Afrilu gwamnati ta ware fam miliyan 750. Kuɗin bai kai ko kusa da giɓin ba, gamayyoyin kuma sun faɗi haka a fili. Amma a lura da makamin da suka shiga fada da shi: lissafi. Shekara da shekaru NCVO tana tattara alƙaluman ƙungiyoyi tana bugawa, nawa ne su, nawa suke samu, daga ina, mutum nawa suke ɗauka aiki. Mai zuwa gaban hukuma da kuka kawai, lallashinsa ake yi a sallame shi. Mai zuwa da lissafin ƙungiyoyi dubbai dole a zauna da shi.

Sau da yawa wuya ce ke haifar da gamayya. Ta Habasha, wadda aka sani da CRDA, an kafa ta a 1973 ana tsakiyar yunwa. Ta Burkina Faso, SPONG, ta biyo baya a 1974, lokacin farin da ya cinye dabbobi daga Senegal har Chadi, wanda dattawan Katsina da Maraɗi da Damagaram ba su manta ba. Ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje da ke aiki a Nijeriya su ma sun kafa dandalinsu a 2014, da rikicin Arewa maso Gabas ya raba jama'a da gidajensu. Sai kaya sun yi yawa, masu rabo suna karo da juna, ake tuna cewa ana buƙatar mai tsara layi.

A gida

Gamayya ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Majalisar ƙungiyoyin mata ta ƙasa, NCWS, tun ƙarshen shekarun 1950 take. An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello, don ta tattara ƙungiyoyin Musulmi wuri guda, Sarkin Musulmi ne shugabanta, kuma kowa ya san 'yan agajinta a filin idi da sansanin alhazai. Ƙungiyar Kiristoci ta Nijeriya, CAN, ta zo a 1976. Gamayyar ƙungiyoyi masu zaman kansu ta NNNGO, wadda ta fi kama da ta Ingila a tsari, an kafa ta a 1992.

Wadda da yawa daga cikin masu karatun nan suka fi sani da idonsu ita ce FOMWAN. A watan Oktoba 1985 wakilan ƙungiyoyin mata Musulmi suka haɗu a Minna suka kafa ta, Hajiya Aisha Lemu ce Amirarta ta farko. Kafin nan akwai ƙungiyoyin mata birjik a Legas, da Ilori, da Kano, da Sakkwato, kowacce tana makarantarta ko ziyarar asibitinta, amma ba su san juna ba, kuma in ana maganar matan Nijeriya a gaban gwamnati babu mai magana da yawunsu. Yau tana da rassa a jihohi 36 da Abuja, tana da makarantu da asibitoci, ta yi ruwa da tsaki wajen karatun 'ya'ya mata, da yaƙi da jahilci na manya, da rigakafin shan-inna, inda mace ke shiga ɗakin da ma'aikaci namiji ba ya shiga. Matan Ghana da na Saliyo sun kafa irin tata. FOMWAN ta nuna cewa layin da muka ja a farko ba koyaushe yake miƙe ba, don ita gamayya ce kuma tana aiki da hannunta. Wannan yana da kyau matuƙar aikin nata bai rufe na ƙungiyoyin da suka haɗu suka haife ta ba.

Magana da yawun mutane

A 2016 wani ɗan majalisar wakilai daga Kogi, Umar Buba Jibril, ya gabatar da ƙudirin kafa hukumar da za ta riƙa kula da ƙungiyoyi masu zaman kansu. Da ya zama doka, da sai ƙungiya ta riƙa sabunta rajista duk bayan shekara biyu, da kuma sai ta nemi amincewar gwamnati kafin ta fara wani aiki. Hujjarsa ita ce akwai masu karɓar kuɗi da sunan 'yan gudun hijira suna cinyewa, kuma wannan ba ƙarya ba ne. Amma ƙungiyoyi suka ga cewa maganin ya fi cutar haɗari, don wanda ke da ikon hana ka rajista yana da ikon rufe maka baki. A zaman jin ra'ayin jama'a da aka yi a watan Disamba 2017, gamayyoyi, da malaman addini, da lauyoyi suka cika majalisa, kusan bakinsu ɗaya. Ƙudirin bai zama doka ba har wa'adin majalisar ya ƙare a 2019. Kwamitin maƙabartar unguwarku bai je Abuja ba, wataƙila ma bai ji labari ba, amma da dokar ta wuce da ta iya iske shi har gida.

Ba kullum ake nasara ba. Dokar CAMA ta 2020 ta zo da sashe na 839, wanda ya ba CAC damar dakatar da amintattun ƙungiya ta naɗa masu riƙo in ana zargin almundahana. Sai bayan shugaban ƙasa ya sa hannu a watan Agusta aka yi ta kururuwa, CAN na kan gaba. Gamayyar da ta san aikinta tana da mutumin da ke bin ƙudirori tun suna gaban kwamiti, lokacin da gyara kalma ɗaya ba ya buƙatar zuwa kotu.

Wakilci bai tsaya ga tare abin da ba a so ba. Gamayyar ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman, JONAPWD, wadda ta haɗa makafi, da kurame, da guragu, da sauransu, ta yi shekaru tana faɗi-tashi tare da wasu ƙungiyoyi kafin a sa hannu a dokar hana nuna musu wariya a watan Janairu 2019. Dokar ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati, ta kuma samar da hukumar da aka kafa a 2020. Duk wanda ya hau matakalar sakatariyar ƙaramar hukumarsa ya san aiwatarwa tana baya ƙwarai. Amma yanzu akwai takardar da za a riƙe a nemi haƙƙi, a da sai roƙo.

Wani lokaci ƙungiyoyi kan haɗu don buƙata guda, in ta biya kowa ya kama gabansa. Haka aka yi a Jamhuriyar Nijar a 2005, zamanin Shugaba Tandja Mamadou, da aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su fulawa, da madara, da sukari, da ruwa, da wutar lantarki. Ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago suka yi haɗaka ta yaƙi da tsadar rayuwa, aka yi gagarumar zanga-zanga a Yamai a watan Maris, aka kira ranakun zaman gida, kasuwanni suka rufe. An kama jagororinsu, ciki har da Nuhu Arzika, amma a watan Afrilu gwamnati ta sassauta. Irin wannan haɗaka tana da zafi da sauri, sai dai ba ita za ta koya wa ma'ajinku riƙe littafi ba. Kowacce da ranarta.

Akwai kuma wakilcin da ya fi ɗaci, wato gamayya ta juya ta faɗa wa 'ya'yanta gaskiya. A 2015, bayan rasuwar wata dattijuwa mai shekara 92 a birnin Bristol, jaridun Birtaniya suka tono yadda wasiƙun neman gudummawa suka yi mata yawa, da yadda ƙungiyoyi ke musayar sunayen masu bayarwa a tsakaninsu. Shugaban NCVO na lokacin, Stuart Etherington, shi ya jagoranci binciken da ya ce tsarin da ake da shi ya gaza, daga nan aka kafa sabuwar hukumar kula da neman gudummawa a 2016. Mu ma muna da namu: hoton mara lafiya a Facebook da lambar asusun da ba a san mai shi ba, da ƙungiyoyin je-ka-na-yi-ka da ba sa bayyana sai an ji ƙishin-ƙishin tallafi. Duk ɓarnar da ɗaya ta yi, masu gaskiya ne ke biya, don gobe in suka miƙa hannu sai a tuna da jiya. Gamayyar da ba ta da ƙa'idojin ɗa'a, ba ta kuma taɓa dakatar da mamba ba, ita ke ba masu son ɗaure ƙungiyoyi da doka hujja.

Inda take ɓaci

Tambaya ta farko game da kowace gamayya ita ce wa ke biyan kuɗin hayar ofishinta. In mambobi ne, ko da kaɗan-kaɗan, to suna da bakin tambaya. Gaskiyar magana ita ce a ƙasashenmu kuɗin mambobi ba ya riƙe ofis, yawanci da tallafin ƙasashen waje ake tafiya. Daga nan hankalin sakatariya yakan koma kan mai ba da kuɗi, abin da yake so a bana shi ne abin da za a kira taro a kai, ko ya dami mambobi ko bai dame su ba. Mafi muni, gamayya takan shiga neman kwangilar tallafin da ya kamata ta nuna wa 'ya'yanta hanyarsa, ta yi amfani da jerin sunayensu ta samu, su kuma a gayyace su taron bita a otal a ba su kuɗin mota. Haɗarin dogaro da waje ya fito fili a 2025, da gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta a watan Janairu, ta kuma rufe hukumar USAID a tsakiyar shekarar. Ayyuka da yawa sun tsaya cak a Nijeriya da maƙwabtanta. Masu adashi da masu yashe kwata ba su fasa ba, don da ma ba da wannan kuɗi suke aiki ba.

Matsala ta biyu ita ce inuwar da aka kafa daga sama. A Nijar, bayan juyin mulkin 1974, gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki samariya, wadda tsohuwar al'ada ce ta gari, ta tsara ta daga unguwa har matakin ƙasa. An yi aikin gayya mai yawa, an gina azuzuwa, an dasa itatuwa, ba za a hana su wannan ba. Amma umarni daga sama yake saukowa, kuma da zamanin ya wuce tsarin ya bi shi. A Nijeriya shirin kyautata rayuwar matan karkara na Maryam Babangida ya tattara ƙungiyoyin mata masu yawa daga 1987, da mulki ya sauya sai wani shiri ya maye gurbinsa a 1994. Abin da gwamnati ta ɗaure, ranar da ta tafi yakan kwance. Aiki da gwamnati dole ne, don ita ke da asibitoci da makarantu da dokoki. Amma in shugaban gamayya yana jiran a ba shi muƙamin mai ba gwamna shawara, ranar da za a faɗa wa gwamna abin da ba ya so, ba za a ji muryarsa ba.

Sauran cututtukan mun san su, ba sai an tsawaita ba: shugaban da wa'adinsa ya ƙare shekara biyar ba a kira zaɓe ba, taron da ake yi da Turanci a babban birni kullum, ƙungiyoyin mata da na karkara suna cika kujeru ana ɗaukar hoto, masu magana su ne dai na jiya. A tsarin da ya dace, kowace ƙungiya ƙuri'a ɗaya take da ita a babban taro, mai mota goma da mai littafi ɗaya.

Aikin aji

Ku kasu rukuni-rukuni, kowane rukuni ya rubuta sunayen ƙungiyoyin sa-kai da ke unguwarsa ko ƙauyensa, da aikin kowacce, da inda take samun kuɗi. Ku duba inda ƙungiyoyi biyu ke aiki iri ɗaya, da abin da babu mai yin sa.

Wanda ƙungiyarsa take cikin wata gamayya ya nemo amsar waɗannan kafin zama na gaba. Nawa ne kuɗin zama mamba, kuma yaushe kuka biya na ƙarshe? Yaushe aka yi zaɓe, kuma wa ya kaɗa ƙuri'a a madadinku? An taɓa karanta muku lissafin kuɗin shekara? Wane abu guda ƙungiyarku ta samu daga gamayyar a bara, wanda ba za ta iya samu ita kaɗai ba?

Wanda ƙungiyarsa ba ta cikin kowace gamayya ya je sashen walwalar jama'a na ƙaramar hukumarsa, ya tambayi ƙungiyoyi nawa ne ke da rajista a wurin, ko sun taɓa zama wuri ɗaya, da wanda ya kira zaman.